Kofi Huɗu da Kujera Ɗaya: Shin Gwanin Koci Yana Zama Gwanin Shugaba?

A watan Mayu na 2017, Kwamitin Olamfik na ƙasar Sabiya ya zaɓi Bozidar Maljkovic ya zama shugabansa, yana da shekara 65 a duniya. Ya gaji Vlade Divac, tsohon ɗan wasan NBA, wanda ya riƙe kujerar tun 2009. Duk mai bin ƙwallon kwando a Turai ya san Maljkovic, domin sau huɗu yana ɗaukar kofin zakarun nahiyar, da ƙungiyoyi uku na ƙasashe uku. A kan gwanintarsa ta koci babu gardama. Inda ake ja shi ne ko waɗannan kofuna sun isa shaidar cewa mutum zai iya riƙe ofishin da ke kula da masu kokawa da masu ninkaya da masu harbin bindiga, da kasafin kuɗi, da hulɗa da ma'aikatar wasanni. Wannan gardama ba ta Sabiya kaɗai ba ce, amma a kan Maljkovic ta fi daɗin yi, saboda kowane ɓangare yana samun hujjarsa a cikin tarihin mutum ɗaya.

Masu cewa ya cancanta sukan fara ne daga birnin Split, a gaɓar tekun Kuroshiya. A 1986 ƙungiyar Jugoplastika ta ɗauko shi daga Belgrade, inda yake mataimakin koci a Red Star ƙarƙashin Ranko Zeravica. Shekararsa 34, kuma bai taɓa yin suna a matsayin ɗan wasa ba. Abin da ya tarar yara ne. Toni Kukoc da Dino Radja dukansu ba su kai ashirin ba. Ya nemo Dusko Ivanovic, wanda ya girme su, ya zama babban yaya a cikin fili, ya kuma riƙa jin shawarar dattijo Aleksandar Nikolic, wanda 'yan ƙwallon kwandon Yugoslabiya ke kira Farfesa. Suka ci gasar ƙasar sau uku a jere, 1988 da 1989 da 1990, a lokacin da gasar Yugoslabiya ke cike da zaratan da daga baya suka cika NBA. A 1989 a Munich suka doke Maccabi ta Tel Aviv da ci 75 da 69 suka ɗauki kofin Turai, alhali su ne waɗanda ba a sa a lissafi ba cikin ƙungiyoyi huɗun ƙarshe. Shekara ta zagayo suka maimaita a Zaragoza, suka kayar da Barcelona 72 da 67 a cikin ƙasarta.

Mai shakka zai ce wanda Allah ya ba Kukoc da Radja ai ko barci yake zai ci kofi. Amsar wannan ita ce Limoges. Garin ƙarami ne a tsakiyar Faransa, an fi saninsa da sana'ar tangaran, kuma ƙungiyarsa ba ta da kuɗin Real Madrid ko na manyan kulob na Italiya da Girka. Maljkovic ya je can a 1992, ya dubi abin da ke hannunsa: Michael Young mai jefa ƙwallo, Jure Zdovc mai rarraba ta, Richard Dacoury da Jim Bilba masu ƙarfi da juriya. Ya gane cewa idan aka yi wasan gudu da yawan maki, to an gama da su. Sai ya mayar da wasan na jan ƙafa. A wancan lokaci doka ta ba ƙungiya daƙiƙa 30 kafin ta jefa ƙwallo, su kuwa sai sun kusa cinye daƙiƙoƙin tas suke jefawa, sannan su koma su tsare gida kamar ransu ne a ciki. A wasan ƙarshe na 1993 a Girka suka haɗu da Benetton ta Treviso, wadda tauraronta shi ne Kukoc, yaron da Maljkovic ya rena. Aka tashi 59 da 55. A daƙiƙoƙin ƙarshe Frederic Forte ya fizge ƙwallo daga hannun Kukoc, magana ta ƙare. Masu son wasa mai ƙayatarwa sun yi ta tsinuwa, suna cewa an kashe daɗin ƙwallon kwando. Duk da haka Limoges ce ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki babban kofin Turai, makonni kaɗan kafin Marseille ta yi irin haka a ƙwallon ƙafa.

Kofi na huɗu ya zo a 1996 a Paris, da Panathinaikos, kuma shi ne na farko ga kowace ƙungiyar Girka. An doke Barcelona 67 da 66, bayan Stojko Vrankovic ya tare ƙwallon Jose Montero a ƙarshen wasa, tarewar da 'yan Barcelona har gobe suke cewa ta saɓa doka. Daga baya ya ci kofin Korac da Unicaja ta Malaga a 2001, da gasar Sifaniya da Real Madrid a 2005.

Daga wannan tarihi masu goyon bayansa ke fitar da hujjarsu, kuma ba hujjar raini ba ce. Suna cewa aikin shugaban kwamitin Olamfik na ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan bakwai shi ne ainihin aikin Limoges: ka san iyakar abin da ke aljihunka, ka san inda za ka zuba shi ya haifar da ɗa mai ido, ka kuma iya jure zagin waɗanda ba ka ba su ba. Sabiya ba za ta yi gogayya da Amurka ko Sin a kowane fanni ba, dole ta zaɓa. Mutumin da ya shafe shekara arba'in yana zaɓen wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci ya san zafin wannan zaɓi. Ya kuma san abin da ɗan wasa ke buƙata wata shida kafin gasa, ba sai an rubuto masa a takarda ba: sansanin horo a kan lokaci, likita, alawus ɗin da ba ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma koci ya fi kowa sanin haka, tunda shi ake kora idan goran ya fashe a hanya.

Sai kuma maganar suna. Kwamitin Olamfik a ƙasa irin Sabiya yana rayuwa ne da kuɗin gwamnati, da tallafin kwamitin Olamfik na duniya, da abin da kamfanoni masu ɗaukar nauyi suka bayar. Wanda zai je neman waɗannan kuɗi gara ya zama mutumin da minista zai tashi tsaye ya gaishe shi. Ƙaramin ma'aikaci, komai iya lissafinsa, sai ya yi zaman jira a ofishin sakatare.

Babbar hujjarsu ita ce Borislav Stankovic, wani Basabiyen. Likitan dabbobi ne, ya buga wasa, ya zama koci, ya ci gasar Yugoslabiya da OKK Belgrade, ya ci ta Italiya da Cantu a 1968. Daga 1976 zuwa 2002 shi ne babban sakataren FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Shi ya dage har aka buɗe wa 'yan wasan NBA ƙofar Olamfik, a taron da aka yi a Munich cikin Afrilun 1989, a watan da yaran Maljkovic suka ɗauki kofinsu na farko a wannan birni. Hukumar Amurka da kanta ta ƙi amincewa a wajen ƙuri'a, amma rinjaye ya yi halinsa, kuma daga nan aka samu ƙungiyar su Michael Jordan da Magic Johnson a Barcelona 1992. Idan koci ya iya sauya fuskar wasan a duniya baki ɗaya daga kan kujerar ofis, in ji su, me zai hana wani kocin riƙe kwamitin ƙasa ɗaya?

Ɗaya ɓangaren bai musa ko ɗaya daga cikin wannan tarihi ba. Abin da suke cewa shi ne ayyukan biyu sun yi hannun riga. Direban da ya fi kowa sanin hanya a tasha ba lalle ne ya iya shugabancin ƙungiyar direbobi ba, domin a cikin mota shi kaɗai ke riƙe da sitiyari, a ofishin ƙungiya kuwa kowa da bakinsa da ƙuri'arsa. Koci sarki ne a kan mutum goma sha biyu. Ya ce a yi gudu, a yi. Ya ce wane ya zauna, ya zauna. Sakamakon hukuncinsa yana fitowa cikin minti arba'in, a kan allo, kowa na gani. Shugaban kwamitin Olamfik ba ya da ikon korar shugaban hukumar ninkaya ko ta kokawa, hasali ma su ne masu zaɓensa. Aikinsa lallashi ne, da zaman taro, da bin takarda daga tebur zuwa tebur, kuma abin da ya shuka bana sai bayan shekara takwas ko goma ake ganin tsironsa, watakila a hannun magajinsa. Maljkovic kuwa da tsanani aka san shi. Ko Dominique Wilkins, wanda ya zo Panathinaikos da sunansa na NBA kuma aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe na 1996, jininsu bai haɗu ba, kuma kaka ɗaya ya yi ya koma Amurka. Halin da ke sa yaro ɗan shekara goma sha tara ya zama zakara shi ne zai iya watsa taron dattawa.

Suna da misalinsu, kuma mai nauyi ne. Phil Jackson ya ci kofin NBA sau goma sha ɗaya yana koci, babu wanda ya kai shi. A 2014 New York Knicks ta naɗa shi shugaban harkokin wasanta. A cikakkun kakanni uku da ya yi, ƙungiyar ta ci wasa 80 ta sha kashi a 166, aka rabu da shi a watan Yunin 2017, wata ɗaya bayan hawan Maljkovic. Babban abin da aka zarge shi da shi shi ne ya kasa daina zama koci: yana ofis, amma yana tilasta wa masu horarwa su bi tsarin wasan da ya yi masa aiki a Chicago da Los Angeles.

Abin dariya, shi kansa Maljkovic ya taɓa ɗanɗana wannan cuta daga ɗaya gefen. Da ya bar Split a 1990 ya koma Barcelona, wanda ya sauka daga kujerar koci ya ba shi wuri, Aito Garcia Reneses, bai tafi ko'ina ba, ofis ya hau ya zama manajan sashen. Koci a sama, koci a ƙasa, zaman bai yi daɗi ba, Maljkovic bai kammala kaka ta biyu ba ya tattara nasa ya nasa. A tsakanin nan, a wasan ƙarshe na 1991 a Paris, tsohuwar ƙungiyarsa ta Split, ba shi, ba Radja, ta doke Barcelonarsa 70 da 65. Masu suka suna son tuna wa mutane wannan wasa, don nuna cewa ko a bakin fili ba a san iyakar rabon koci da rabon 'yan wasa ba, balle a ce kofi ya zama takardar shaidar iya mulki.

Ana iya mayar musu da martani da Red Auerbach, wanda ya ci kofin NBA tara yana kocin Boston Celtics, ya koma ofis aka ƙara bakwai a ƙarƙashinsa. Sai dai a ganina misalin Auerbach, da ma na Jackson, sun ɗan kauce. Manajan kulob yana cikin sana'arsa ne har yanzu, saye da sayar da 'yan wasan da ya san ƙimarsu. Kwamitin Olamfik wata duniya ce. Misalin da ya fi kusa shi ne na Stankovic, kuma idan aka dube shi da kyau bai tsaya wa masu goyon baya yadda suke zato ba. Stankovic bai yi tsalle daga benci zuwa kujerar FIBA ba. Ya yi shekaru yana sakataren hukumar ƙwallon kwando ta Yugoslabiya, sannan ya yi aiki ƙarƙashin William Jones, wanda ya gada, yana koyon harsuna da dokoki da siyasar taro. Ofis ɗin ma sana'a ce, kuma ya yi almajirancinta. A ɗaya gefen akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya: bai buga NBA ba, bai yi suna a koci ba, da farautar 'yan wasa ya fara, amma shi ya haɗa ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofi a 2019. Ke nan kofin koci ba sharaɗi ba ne.

Idan gardama ta kai nan, sai kowa ya ce a ƙirga lambobin yabo. A London 2012 Sabiya ta samu huɗu, a Rio 2016 takwas, dukansu a zamanin Divac. A Tokyo, gasar da annobar korona ta jinkirta zuwa 2021, ta samu tara, uku na zinare, wanda shi ne mafi yawa tun da ƙasar ta fara shiga da sunanta ita kaɗai. A Paris 2024 aka sauko zuwa biyar, amma uku na zinare ne. Mai yabon Maljkovic zai ɗaga Tokyo, mai sukarsa ya ɗaga Paris.

Ni dai ban ga abin kamawa a wannan ƙidaya ba, kuma a nan nake ganin ɓangarorin biyu suna yaudarar kansu. A ɗauki lambobin ɗaya bayan ɗaya. Zinaren Novak Djokovic a Paris, da ya doke Carlos Alcaraz yana da shekara 37, babu kwamitin da zai ce shi ya dafa shi. Ƙungiyar ƙwallon ruwa ta maza ta ci zinare a 2016 da Tokyo da 2024, wato ta fara kafin Maljkovic ya zo ta kuma ci gaba. A takwando, Milica Mandic da Tijana Bogdanovic sun kawo lambobi huɗu tsakanin 2012 da 2021, kuma dukansu daga kulob ɗaya suka fito a Belgrade, Galeb, a hannun koci ɗaya, Dragan Jovic. Zinaren Jovana Prekovic na karate a Tokyo ba yadda za a yi a maimaita shi a Paris, domin an cire wasan daga jerin gasar. Lambobi takwas na Rio kuwa sun zo ne lokacin da shugaban kwamitin, Divac, yake riƙe da aikin manajan Sacramento Kings a Kaliforniya tun 2015. Kuma a ƙarƙashin shugaban da ya fi kowa sanin ƙwallon kwando ne ƙungiyar maza ta ƙasar ta kasa zuwa Tokyo, bayan Italiya ta doke ta a wasan share fage a cikin Belgrade, a Yulin 2021. Ba laifinsa ba ne, tunda hukumar ƙwallon kwando ce ke naɗa koci da kiran 'yan wasa. To amma wanda ba a ɗora masa wannan faɗuwa ba, ba a kuma rataya masa tagullar da koci Svetislav Pesic da su Nikola Jokic suka ciyo a Paris.

Ma'aunin shugaba irin wannan yana wuraren da kyamara ba ta zuwa. Shin kuɗin shiri ya isa hannun mai harbin bindiga da mai tuƙin kwalekwale a kan kari, ko sai da suka ciyo lamba aka san da su? Gwamnatin Sabiya ta yi alkawarin Yuro 200,000 ga duk wanda ya ci zinare a Paris, abin a yaba, amma tukuici a ƙarshe ba ya maye gurbin ciyarwa a farko. Shin hukumomi suna ba da lissafin abin da suka karɓa? Shin ƙananan wasanni suna samun kunne a wajen mutumin da zuciyarsa ke ƙwallon kwando? Shin kwamitin yana iya ce wa gwamnatin da ke ba shi kuɗi a'a, kamar yadda dokokin Olamfik suka nema? Wannan ta ƙarshe ta fi sauran wuya, kuma 'yan wasan Sabiya sun san abin da siyasa ke iya yi musu: a 1992 takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana ƙungiyoyin Yugoslabiya zuwa Barcelona, suna gida suna kallon Kukoc da Radja suna karɓar azurfa da rigar Kuroshiya. Maljkovic, Basabiyen da aka haifa a Otocac ta Kuroshiya ya kuma yi suna a Split, ya ga wannan rabuwa da idonsa. Mu ma a Najeriya mun ga namu: a 2017 aka yi zaɓe biyu na hukumar ƙwallon kwando, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, rikicin ya ja har gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya a 2022, 'yan matan D'Tigress suka rasa gurbin da suka ciyo da guminsu a gasar kofin duniya, aka ba Mali. Babu kocin da ya jawo wannan, kuma babu kocin da zai iya gyara shi daga bakin fili. Ofis ne ya kayar da su.

Akwai haɗari ɗaya da masu goyon baya ba sa son a taɓo. Sunan da ke buɗe ƙofar minista shi ne kuma ke rufe bakin ɗan jarida. Wa zai tsare gwarzon ƙasa ya ce ya kawo rasit? Michel Platini ya hau shugabancin UEFA a 2007 da darajar ƙafarsa, ya sauka bayan dakatarwar da aka yi masa a 2015 kan batun kuɗi. Ban san wani zargi irin wannan a kan Maljkovic ba, kuma ba shi nake nufi ba. Tsarin nake nufi: ƙasar da ta saba naɗa jarumanta a kan kujera tana kuma sabawa da jin kunyar tambayarsu, ranar da aka samu wanda bai da amana kuwa sai an yi nisa kafin a farga.

Hukuncina shi ne Sabiya ba ta yi kuskure da ta zaɓe shi ba. Ya zo bayan ya ajiye aikin koci shekara biyar, ba ya neman suna ko abin duniya a kujerar, ya yi aiki a ƙasashe da dama ya ga yadda ake tafiyar da wasanni a inda tsari ya zauna, kuma abin da ya nuna a Limoges, wato auna ƙarfinsa kafin ya shiga kokawa, shi ne halin da ƙaramar ƙasa ta fi buƙata. Amma masu suka sun fi gaskiya a kan ƙa'ida. Kofi huɗu sun isa su sa a saurari mutum idan ya nemi kujera, ba su isa su ba shi ita ba, kuma ba su isa su ɗauke masa bincike ba bayan ya hau. Duk hukumar wasannin da wani tsohon gwarzo ya zo neman shugabancinta, a Belgrade ne ko a wani wuri, ta tambaye shi ofis nawa ya taɓa riƙewa, wa ya koya masa, kuma ko ya yarda a buga lissafin kuɗinsa kowace shekara kowa ya gani. Idan ya amsa da kyau a zaɓe shi. Idan kuwa kofunansa kawai ya nuna, a sa sunansa a filin wasa, a ba wani kujerar.